Yadda Ake Haɗa Ƙasa Mai Rai a Gida Don Kayan Lambu

Je ka gindin wata bishiya inda ganye ya shekara yana zuba ba mai sharewa, ka ture busassun na sama, ka damƙo ƙasar da ke ƙarƙashi. Za ka same ta baƙa, tana marmashewa a hannu, ga wasu fararen zare siri-siri manne a jikin ruɓaɓɓen ganye, ga ƙamshi irin na ruwan farko idan ya sauka a busasshiyar ƙasa. Ba wanda ya taɓa watsa wa bishiyar nan taki, amma ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Irin wannan ƙasa muke so mu haɗa da hannunmu, mu zuba a tukunyar shuka ko buhu ko fangali, domin tumatir, barkono, latas, karas, furanni da sauransu.

Ƙamshin nan ma ba na banza ba ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cin ruɓaɓɓen abu ne ke fitar da shi. A cikin ƙaramin cokali ɗaya na lafiyayyar ƙasa akan sami bakteriya daga miliyan 100 har zuwa biliyan 1, ban da zaren funfuna da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Tsiro da kansa yake ciyar da su: wani kaso na sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana yana tsattsafowa ta saiwa, su taru su ci. Waɗanda suka fi su girma su cinye su, su kasayar da naitirojin a bakin saiwa, a daidai siffar da tsiro ke iya sha. Akwai kuma wata funfuna da ke shiga cikin saiwa ta miƙa zarenta nesa, ta jawo wa tsiro fosfaras da ruwa, shi kuma ya biya ta da sukari. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Frank, shi ya raɗa wa wannan zama suna maikoraiza a 1885, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na tsirran doron ƙasa suna yin sa. Kabeji da danginsa suna cikin 'yan kaɗan da ba sa yi.

To ka ga aikinka ya sauya ke nan. Takin zamani abinci ne da ake ɗura wa tsiro kai tsaye. A nan kuwa halittun ƙasa za ka yi wa masauki, ka ba su iska da laima da abinci, su kuma su ɗauki nauyin shukar.

Mataki na farko: takin da za ka haɗa da kanka

Duk abin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara, shi ya sa zan daɗe a kansa. Idan takinka bai nuna ba, ko me ka ƙara daga baya ba zai gyara ba.

Kayan taki iri biyu ne. Akwai busassu masu yawan kabon: busasshen ganye, kara da aka sassara, ƙaiƙayi, garin katako, kwali marar leda. Akwai ɗanyu masu yawan naitirojin: ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan miya da na 'ya'yan itace, kashin shanu, na awaki, na kaji. Ƙwayoyin da ke ruɓar da su sun fi aiki idan kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. Ba sai ka auna a sikeli ba. Bokiti biyu zuwa uku na busassu a kan bokiti ɗaya na ɗanyu, ka kusa da daidai. Sai dai ka san ƙarfin kowanne. Kashin kaji yana da zafi, kaɗan ya isa. Garin katako kuma kabon ɗinsa yakan ninka naitirojin sau ɗaruruwa, don haka barbaɗa shi ake yi, ba a jibga shi. Kada ka karɓi na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara.

Abubuwan da ba sa shiga: nama, mai, kashin kare ko na kyanwa, ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya, da tsiron da cuta ta kashe.

Ka zaɓi wuri mai inuwa, a kan ƙasa tsura ba kan siminti ba. Fara shimfiɗa kara ko ƙananan rassa don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Sai busassu kamar tsawon tafin hannu, ɗanyu a kai, ka barbaɗa ƙasa damƙi biyu, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta hawa-hawa har tsibin ya kai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi. Wanda bai kai haka ba ba ya riƙe zafi. Wannan tsari na jera kaya da juyawa, Albert Howard, wani masanin noma ɗan Ingila, ya daidaita shi a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931, bayan ya daɗe yana lura da yadda manoman can ke sarrafa shara da kashin dabbobi.

Laima ita ce inda mutane suka fi kuskure. Damƙi kayan ka matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu, ya yi. Idan ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, ƙara busassu. Idan ka buɗe hannu kayan suka watse, ƙara ruwa.

Cikin kwana biyu zuwa huɗu tsibin zai ɗau zafi. Ana so cikinsa ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma yi aƙalla kwana uku a haka, domin a nan ne yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa ke mutuwa. In ba ka da ma'aunin zafi, soka sandar ƙarfe har tsakiya, ka bar ta minti goma, ka zaro. Idan ba ka iya riƙe ta fiye da 'yan daƙiƙoƙi, aiki na tafiya. Idan zafin ya haura 70, ma'aikatan naka ma sun fara mutuwa, sai ka juya ya sha iska. Juyawa kuwa ba motsa sama kawai ba ce. Na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe, kowane kwana huɗu zuwa bakwai a watan farko.

Hanci zai gaya maka abin da ke faruwa. Warin fitsari na nufin ɗanyu sun yi yawa, naitirojin na tserewa cikin iska. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska. Maganin duka biyun ɗaya ne: ƙara busassu, ka juya. In kuwa tsibin ya yi shiru, ba zafi ba wari, to ko ya bushe ko ɗanyu sun yi kaɗan.

Bayan zafi ya sauka ya ƙi dawowa ko da an juya, kada ka ɗauka an gama. Rufe shi da buhu ko ganye ka bar shi wata ɗaya zuwa biyu. A wannan hutun ne funfuna ke yaɗuwa, tsutsotsin ƙasa, wato tana, da ƙananan ƙwari su shigo. Takin da ya nuna baƙi ne, sanyi ƙalau, ba ka gane ɓawon da ka zuba a ciki. Tace shi da rariya mai manyan ido, ka mayar da tsakin cikin sabon tsibi.

Wata magana a kan ɗanyen kashin dabba, domin ta shafi lafiyar masu ci. Ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadari a Amurka ta ce sai an bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Ni dai shawarata, kada ɗanyen kashi ya shiga haɗin nan sam, sai ya bi ta tsibi.

Idan kana da halin kiwon tana a akwati, kashinta ya fi kowane taki laushi ga ƙaramin tsiro. Jajayen tana masu zama cikin shara ake kiwatawa, ba manyan da ke haƙa rami can ƙasa ba. Sun fi son zafin digiri 15 zuwa 25, kuma idan akwatin ya kai 35 mutuwa suke yi, saboda haka inuwa dole ce.

Mataki na biyu: san ƙasar da kake da ita

Wannan ba ya cin lokaci. Cika kwalba mai faɗin baki da ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarasa da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa mai kama da gari cikin awa biyu, yumɓu kuma sai kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi zai nuna maka wanda ya rinjaya. Mai yawan yumɓu tana son ƙarin abin da zai buɗe ta, mai yawan yashi tana son ƙarin taki.

In za ka iya samun takardar gwajin tsami, ka gwada. Ma'aunin tsamin ana kiransa pH, ƙaramar lamba na nufin tsami ya yi yawa, kuma yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi a pH 6 zuwa 7.

Mataki na uku: gangar jikin haɗin

Ga awon da nake amfani da shi don tukwane da buhuna, da bokiti mai cin lita 10, ya ba da lita 100.

Bokiti uku na nunannen taki. In akwai kashin tana, ɗaya daga cikin ukun ya zama shi.

Bokiti uku na abin da ke riƙe ruwa. Zaren bayan kwakwa da aka niƙa ya yi, amma ka jiƙa shi ka tsiyaye ruwan sau biyu ko uku, domin wani yana zuwa da gishiri. Ruɓaɓɓen ganye zalla da ya shekara ma ya yi, ni kam shi na fi so. Akwai kuma ruɓaɓɓiyar gansakuka da ake haƙowa daga fadamun ƙasashe masu sanyi. Tana riƙe ruwa sosai, sai dai tsaminta yakan sauka zuwa wajen pH 4, sannan tana ɗaukar dubban shekaru kafin ta taru. In ita ka samu, sai ka haɗa da farar ƙasa ta noma kamar kofi biyu don kashe tsamin.

Bokiti uku na abin da ke buɗe hanyar iska: ɓuntun shinkafa, tsakuwar dutsen aman wuta mai ramuka, farin falayit (wani dutse marar nauyi da aka gasa ya kumbura), ko yashi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke. Kada ka sa yashi mai laushi, toshe ƙofofin yake yi. Ɓuntu yana ruɓewa a hankali, don haka duk shekara sai an ƙara. Dutse kuwa sau ɗaya ne.

Bokiti ɗaya na ƙasa mai kyau, irin ta gindin bishiyar nan. Ita ce ke kawo irin halittun da ba a samu a tsibin taki.

Mutane da yawa suna jin ƙyashin cika kashi uku cikin goma da abin da ba abinci ba, sai su rage shi su ƙara taki. Kada ka yi. Saiwa numfashi take yi, haka ma ƙwayoyin da muke kiwo. Ƙasar tukunya da ta cushe ta fi kashe shuka a kan yunwa.

Idan fangali ne a ƙasa ko akwatin katako mai zurfi, awon ya sauya: biyar na ƙasar wurin, uku na taki, biyu na mai buɗe iska.

Mataki na huɗu: gawayi da ƙarin abinci

A yankin Amazon akwai wata baƙar ƙasa da mutanen zamanin da can suka haɗa da gawayi, fasassun tukwane da sharar gida, wadda har yau, bayan ɗaruruwan shekaru, ta fi ƙasar da ke kewaye da ita albarka. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ke riƙe ruwa da abinci, kuma ba ya saurin ruɓewa. Daka gawayin itace zalla zuwa girman ƙwayar wake ko ƙasa da haka, kada ya wuce bokiti ɗaya a lita 100, ka rage daidai shi daga kason mai buɗe iska. Amma ba a zuba shi haka nan. Sabon gawayi mayunwaci ne, zai tsotse abincin da ke cikin ƙasa ya bar shuka tana rawaya. Cakuɗa shi da jiƙaƙƙen taki ka bar shi sati biyu zuwa huɗu tukuna. Dunƙulen gawayin kanti da aka haɗa da maganin kunna wuta ba ya cikin lissafi.

Sai ƙarin abinci, da kofi mai cin kimanin mililita 250, duk a lita 100. Kofi ɗaya da rabi na garin ƙashi, don fosfaras da kalsiyam. Kofi ɗaya da rabi na tunkuzar 'ya'yan darbejiya, wato abin da ya rage bayan an matse mai, ko garin busasshen ganyen dangin wake, don naitirojin mai fita a hankali. Kofi ɗaya da rabi na garin ciyawar teku in ana samunta, don fotasiyam da ƙananan ma'adinai. Kofi uku ko huɗu na garin baƙin dutse. Ɓawon ƙwai da aka daka ya yi laushi kamar gari ba laifi, sai dai yana daɗewa kafin ya narke.

Toka ita ce abin taka-tsantsan. Tana da fotasiyam da kalsiyam, amma tana ɗaga pH da sauri. Kofi ɗaya ya isa, kuma in ka sa farar ƙasa, ko ƙasarka ta riga ta haura 7, bar ta gaba ɗaya.

In ba ka sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada hakan ya hana ka farawa. Taki mai kyau da aka haɗa daga kaya iri-iri ya ɗauke mafi yawan nauyin.

Mataki na biyar: cakuɗawa, da jira

Shimfiɗa tamfol. Zuba manyan kayan, ka haɗa garurrukan a kwano daban sannan ka barbaɗa a kai. Ɗaura ƙyalle a hanci, ƙurar dutse da ta falayit ba ta da kyau ga huhu. Juya da shebur, ko ka kama kusurwar tamfol ka ja zuwa ɗaya gefen, har sai launin ya zama ɗaya. Yayyafa ruwa kana juyawa, ka tsaya a gwajin matsa hannu irin na tsibi. Ruwan sama ya fi. In na famfo ne mai kilorin, bar shi a buɗe ya kwana.

Tara haɗin a inuwa, ko ka zuba a ganga mai huji, ka rufe da buhu mai shan iska, ba leda ba. Ka bar shi sati uku zuwa huɗu, in da hali shida. Duk sati ka buɗe, ka juya sau ɗaya, ka ƙara ruwa in ya fara bushewa. Zai ɗan yi ɗumi a satin farko. Kana iya ganin farar funfuna ta lulluɓe samansa kamar auduga. Kada ka tsorata, alamar alheri ce.

Nan ne na taɓa yin asara. Na haɗa ƙasa da yamma, washegari na dasa tumatir ashirin da na raina daga iri. Kwana huɗu bakin ganyen ya ƙone, da na tuge ɗaya na tarar da saiwar ta koma ruwan ƙasa, ta yi laushi. Shida suka tsira. Garurrukan nan ɗanyu ne, lokacin da ƙwayoyi suka far musu sai zafi da iskar amoniya su tashi, ƙaramar saiwa kuma ba ta iya jurewa. Ragowar wannan haɗin, da ya yi wata guda a ajiye, shi ne ya ba ni barkono mafi kyau a shekarar.

Kafin ka amince da ita, gwada ta da wake. Cika ƙaramar tukunya da haɗin, wata kuma da ƙasar da ka yarda da ita, ka shuka ƙwaya biyar-biyar. Ka jira sati biyu zuwa uku. Idan na cikin haɗin suka ƙi tsirowa ko suka ƙone, bai gama nuna ba, ƙara masa lokaci. Idan kuwa suka fito da ganye a murɗe, a naɗe kamar cokali, to akwai yiwuwar ragowar maganin ciyawa irin su aminofiralid ya biyo kashin dabba ko ciyawar da ka sa. Wannan magani yana ratsa cikin dabba ya fito da ƙarfinsa, zafin tsibi ma ba ya gamawa da shi, kuma tumatir da wake su suka fi jin jiki. Irin wannan haɗin kada ya kusanci lambunka.

Mataki na shida: shuka da kulawa

Ƙasa mai rai tana son yalwa. Tumatir ɗaya ka ba shi aƙalla lita 20, in ka ba shi 40 ya fi, domin ƙaramar tukunya tana bushewa da sauri kuma abincinta na ƙarewa. Tabbatar akwai huji a gindi. Zuba ƙasar ka ɗan girgiza, kada ka danna ta da ƙafa. Don rainon iri, wannan haɗin ya yi ƙarfi, sai ka sirka shi rabi da rabi da zaren kwakwa ko ruɓaɓɓen ganye.

Da ka dasa, lulluɓe saman da busasshiyar ciyawa ko ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, ka bar ɗan fili kewaye da karan tsiron don kada ya ruɓe. Lulluɓin nan yana tsare laima, yana kare saman ƙasa daga zafin rana, kuma shi ne abincin gobe. Bayan sati biyu ɗaga shi ka leƙa. Za ka ga fararen ƙananan saiwoyi sun hauro har sama suna kiwo, wataƙila da tana ɗaya ko biyu suna nutsewa.

Wajen ban ruwa, soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu. In da laima, bari sai gobe. In ka tashi bayarwa, ba da shi a hankali har ya fara ɗiga ta gindi. Abu biyu ne ke kashe wannan ƙasa: ta bushe ƙayau, ko ta kwana cikin ruwa. Ko babu shuka a tukunyar, ka ci gaba da ɗan jiƙa ta.

Idan masu ci da yawa irin su tumatir da kabewa suka fara fure, ɗaga lulluɓin ka zuba taki ko kashin tana kaurin yatsa biyu, ka mayar. Ka guji maganin funfuna da ake kwararawa a ƙasa, domin ba ya bambanta mai cuta da mai amfani. Yawan takin fosfaras mai narkewa ma yana sa saiwa ta daina karɓar funfunar da ke taimaka mata.

Bayan girbi ba a zubar da ƙasar, ba a kuma kife ta. Yanke tsiron daga gindi ka bar saiwar a ciki ta ruɓe, hanyoyin da ta bari su ne sabuwar saiwa za ta bi. Wanda ya yi ciwo ne kawai za ka tuge gaba ɗaya ka fitar. Ƙasar za ta ɗan sauka, sai ka cike gurbin da taki, ka barbaɗa rabin awon garurrukan farko a sama, ka jiƙa, ka rufe, ka jira sati biyu. Kada ka mayar da tumatir inda tumatir, barkono ko dankalin Turawa ya tashi, dangi ɗaya ne kuma cutarsu ɗaya. Sa wake a tsakani. Idan ya yi sati shida, tono ɗaya ka duba saiwar: za ka ga wasu ƙananan ƙulli manne a jiki. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, bakteriyar da ke ciki tana kamo naitirojin daga iska. Sauran kuma ka yanke su da zarar sun fara fure, ka kwantar da ganyen a kan ƙasar, ka dasa na gaba a tsakiyarsa.